Ɗalha Ya Kai Rigar Ceto Wurin Tela

"Ni da kuke gani, ruwa tsorona yake ji."

Ɗalha ne da wannan magana, a teburin mai shayin da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, nan cikin Kankia. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana kaɗa kofi. Mutumin Dudunni ne, manomin gero da wake, siriri kamar karan dawa, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya haƙa teku. Shekarun baya ya taɓa tafiya cirani gabas, ya dawo da rediyo da baƙin tabarau, kuma tun daga ranar tafkin Chadi bai sake hutawa a bakinsa ba.

"Wata rana a Baga," ya ci gaba, "iska ta kihe da jirginmu tsakiyar ruwa. Na goya mutum biyu, na aza buhun kihi a ka, na yi iyo tun hantsi har la'asar. Ko hulata ba ta jiƙe ba."

"Buhu na bisa kai, hular tana ina?" in ji Haladu, taubashinsa, wanda ba ya barin maganar Ɗalha ta faɗi ƙasa bai taka ta ba.

"Da baki na riƙe ta."

"To da mi ka yi lumfashi?"

"Kai dai ba ka san ruwa ba, Haladu. Tsaya ga tuƙin motarka."

Aka yi dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, wato Alhaji Yakubu, ɗan kasuwar hatsin da Haladu ke yi wa tuƙi. Alhaji ya daɗe yana son shiga fataucin busasshen kifi. Ya riga ya shirya da wani mai jirgi a Yawuri, sunansa Kabo, za su shiga kwalekwale su bi tungayen masunta, wato ƙauyukansu na bakin ruwa, ɗaya bayan ɗaya, kwanaki suna bisa kogi. Shi da Haladu za su tafi, saura gurbin mutum guda, kuma wanda ya samu gurbin nan shi zai zama wakilin Alhaji a harkar kifi daga baya. Abin da ya hana Alhaji barci shi ne, daga shi har direbansa babu wanda ya san ruwa.

Alhaji ya matso da kujera. "Malam Ɗalha, ashe abin nema na kusa. Kai za ka raka mu."

Ɗalha ya sauke ƙafa, ya ajiye kofi. Gaskiyar magana, ciranin nan a Potiskum ya tsaya, rake ya sayar. Ruwa mafi girma da ya taɓa ƙetarawa shi ne rafin bayan Dudunni, shi ma da rani, sa'ad da awaki ke kwanciya a cikinsa. Amma wakilin Alhaji! Shi da kowane rani sai zaman gindin bishiya da ƙirga motoci! Ya ga kansa cikin shago, ana cewa "sai wakili ya zo".

"An gama, Alhaji. Ka ɗauka ka je ka dawo."

"Madalla. Kabo ya ce ba mai shiga jirginshi sai da rigar ceto. Na sa an sawo daga Kano. Gobe ka zo ka zaɓi taka, ka kuma duba mana namu."

Da jin haka hankalin Ɗalha ya kwanta. Ashe ma akwai rigar da za ta yi iyon, shi nasa zama.

Washegari aka zazzage buhu a ƙofar shagon Alhaji. Riguna ne marasa hannu, ruwan lemo mai kashe ido, an cusa musu soso gaba da baya, ga madaurai na reto ko'ina, ga ɗan usur a maƙale. Maƙwabtan shago suka taru kallo. Alhaji ya kunna saƙon muryar da Kabo ya aiko, ya ɗaga waya sama don kowa ya ji.

"Alhaji, kowa shi zaɓi daidai jikinshi. Ta kama ƙirji tam. A ja madauri duka, har wanda ka bi ta tsakanin ƙahwahu. In an kama ta ga kahwaɗa an ja sama ta wuce kunne, ba taka ba ce, aje ta. Kuma kowa shi gwada tashi cikin ruwa kahin ku taso."

"Da 'yan koyo yake," in ji Ɗalha, yana kaɗa hannu. "Kashe, Alhaji, kar cajinka shi ƙare."

Alhaji ya sa tasa, Haladu ya ja masa madauri har sai da ya yi nishi. Haladu ma ya sa tasa. Aka miƙo wa Ɗalha wata 'yar madaidaiciya, ya riƙe ta da yatsu biyu kamar an ba shi mataccen ɓera.

"Wannan ta wa?"

"Taka mana. Ita ce daidai kai."

"Ni? Magidanci da iyali, in shiga garin mutane cikin 'yar matsattsar riga kamar ɗan dambe? Ko rigar Sallah in ba ta da yalwa ai rowa ce. Mi mutanen Yawuri za su ce da Katsinawa? Su ce yadi ya ƙare muna?"

Ya tona ƙasan buhu ya zaro wata shirgegiya, wadda mai shagon Kano ya haɗo da ita don ya rabu da ƙaya. Da an so, da an zuba Ɗalha biyu a ciki har da guzurinsu. Ya zura ta, ta sauko masa har cinya. Ya juya hagu, ya juya dama.

"Ka ga riga. Ai girman riga shi ne girman ceto. In ƙarama ta ɗauki mutum ɗaya, wannan sai ta ɗauke ni da Alhaji."

Haladu ya zagayo ta baya, ya kama kafaɗun rigar ya ja sama, yadda Kabo ya ce. Kan Ɗalha ya shige ciki sumul, kamar kunkuru ya ji motsi.

"Jama'a, wa ya ga Ɗalha? Yanzun nan hwa yake tsaye nan!"

Daga cikin riga murya ta fito a daƙushe. "Wurin shan iska ne, jahili. Sake ni."

Alhaji ya sake duban rigar. "Malam Ɗalha, anya? Mai jirgi ya ce in ta wuce kunne..."

"Alhaji, kunne kunne ne? Kowa da inda Allah Ya aje mishi nashi. Bar ni da abin da na sani."

Alhaji ya ƙyale shi, don shi bai taɓa zuwa Chadi ba.

Ɗalha bai tuɓe rigar ba. Da ita ya hau acaɓa zuwa gida, yana busa usur duk inda suka ga taro. Suna shiga Kusada wani tsoho mai sanda, Malam Shehu, ya tare hanya.

"Yawwa! Yau Allah Ya kawo ku. Ku ne masu gyaran hanya ko? Sauko."

"Baba, ni ne hwa, Ɗalha na Dudunni."

"Ko kai na wa ne. Tun bara kuka zo da irin rigar ga kuka auna kwalbatin ƙohwar gidana, kuka sha mani hura, kuka tahi. Sauko ka gani da idonka!"

Tsoho ya riƙe madaurin riga ya ja shi har bakin kwalbati. Kafin Ɗalha ya ƙwaci kansa, wata mata ta kawo ƙarar rijiyar burtsatsen unguwarsu, wani kuma yana tambaya ko ana ɗaukar lebura. Da ƙyar ɗan acaɓa ya fizge shi.

A gida, matarsa Kubura na tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗaga kai, ta ajiye rariya, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Baban Salma, lahiya? Wa ya naɗe ka cikin katihwa?"

"Rigar manyan matuƙa ce. Yawuri za ni da Alhaji Yakubu, kwana da kwanaki bisa kogi."

Ta zagaya shi, ta dangwali soson da ya turo gaba. "Wata nawa ne? In hwara tara itacen wankan jego?"

"Kubura!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan dariyar ta tsaya. Ta rage murya. "Da gaske kake, kogi? Kai da in ruwa ya shiga kunnenka wurin wanka sai ka yini kana tsalle da ƙahwa ɗaya?"

"Wannan ruwan bokiti ne. Ruwan bokiti daban, na kogi daban. Ke dai soya mani ƙuli-ƙuli."

Ta ɗauki rariya ta ci gaba da tankaɗe. Da la'asar dai ya ga ta sa hijabi, ta ce za ta Kankia duba matar Haladu, wai ba ta jin daɗi.

Shi kuwa maganar ciki da ta kwalbati sun tsaya masa a rai. Ya zauna ya yi nazari, ya gano inda matsalar take: Turawan da suka ɗinka rigar nan sun san ruwa, amma ba su san mutunci ba. Kuma duk rigar da aka sawo a kasuwa, ai sai ta bi ta hannun tela kafin ta zama ta mutum. Da safe ya naɗe ta a buhu, ya ɗauki ragowar shaddarsa ta Sallah, sai shagon Ɗanmaliki tela a Kusada.

Ɗanmaliki mutum ne da bai taɓa ce wa mai kawo ɗinki a'a ba. Ko buhun taki ka kawo ka ce a yi maka kaftani, tambayarsa ɗaya ce: da aljihu ko babu?

"So nake ta koma falmaran," in ji Ɗalha, "irin ta hakimai. Ka rufe wannan ruwan lemon da shadda."

"An gama. Ruwan ƙasa ce shaddar, za ta yi kyau. Aiki a wuya?"

"Ka cika shi. Waɗannan igiyoyin kuma yanke su. Ni ba akuya ba ne da za a ɗaure ni. Balle wannan ta tsakanin ƙahwahu, wa iyazu billahi."

Almakashi ya yi ƙyas, ƙyas. Madaurai suka zube ƙasa.

"Maɓalli guda ya isa, na ado. Sai soson gaban nan, hidda shi duka. Shi ke jawo mani magana."

Ɗanmaliki ya farke gaba ya zaro soso fal hannu. Ya jujjuya shi, ya matsa. "Kai, soso mai kyau. Asara ce a yar. Ka ce kwana nawa za ku yi zaune bisa katako?"

"Da dama."

"To mi zai hana in mayar maka da shi baya, can ƙasa, daidai mazauni? Riga ta samu, matashi ya samu. Su Alhaji na ta mutsu-mutsu, kai kana zaune kamar a falo."

Ɗalha ya buga cinya. "Ɗanmaliki, da ka yi boko da yanzu jirgin sama kake ɗinkawa!"

Inda soso ya fita a gaba kuwa, wuri ya samu, aka yi manyan aljifai guda biyu masu zurfi. Ɗalha ya ce na guzuri ne, don matafiyin ƙwarai ba ya rabuwa da abincinsa.

Ranar da aka gama, ya cika aljihun dama da ƙuli-ƙuli da dabino, na hagu da garin rogo, ya ɗora riga bisa farin kaftani, ya kafa hula, ya sa baƙin tabarau. Ranar kasuwar Kusada ce. Yana tafe ƙirji a shafe, baya ya yi tozo, mutane na gaishe shi suna waiwaye. Yana cikin karɓar gaisuwa motar Alhaji ta tsaya a gabansa, Haladu a sitiyari.

Alhaji ya leƙo. "Malam Ɗalha, ina rigar ceton?"

"Ga ta jikina."

Alhaji ya fito daga mota. Ya zagaya shi a hankali. Ya taɓa aikin wuya, ya taɓa tozon baya.

"Ina ruwan lemon? An ce don a hango mutum ne in ya hwaɗa."

"Wanda ya iya ruwa ba ya bukatar a hango shi, Alhaji. Shi ke hango mutane."

"Madauran hwa?"

"Na sallame su."

"To," in ji Alhaji. "Dama gwaji ya kawo mu. An matsa mani lamba a gida, wai lalle a bi maganar mai jirgi, kowa shi shiga ruwa da tashi. Ga namu cikin mota. Mu je kududdufin masu bulo."

"Yau? Ai... ai ban ci abinci ba. Ba a shiga ruwa da yunwa."

"Ga abinci nan aljihunka," in ji Haladu.

"Kuma ba a shiga da ƙoshi."

Amma Haladu ya riga ya hau bayan mota, ya haɗa tafin hannu a baki. "Jama'ar kasuwa! Wanda bai taɓa ganin iyon Chadi ba shi biyo mu! Kyauta ne, ba tikiti!"

Kasuwa ta watse ta bi su. Masu awo suka rufe buhuna, mahauta suka bar tukuba, matan Fulani suka ɗauko ƙoren nono a ka suka biyo sahu. Malam Shehu na baya da sandarsa, Ɗanmaliki ya rufe shago ya zo ganin aikinsa. Kududdufin na bayan gari, damina ta cika shi, ruwan ja wur kamar kunun kanwa. Agwagi na yawo a gefe ɗaya, mata na wanki a ɗaya gefen.

Alhaji ya fara shiga, yana salati. Ya kwanta da baya yadda aka koya masa, rigar ta ɗaga shi, fuska sama, sai lilo yake. Haladu ya bi, har da harɗe hannu a ƙeya. Suka fito ana tafi.

"Saura gwani!"

Ɗalha ya cire takalmi, ya jera su. Ya sake jera su. Ya miƙa wa Ɗanmaliki tabarau. Ya tsoma babban yatsa ya janye.

"Ruwan ga bai kwanta ba. A Chadi sai mun karanci ruwa tukuna."

"Karanta da ƙarhi mu ji!" wani ya ce daga baya.

Babu mafita. Ya busa usur don ƙarfin hali, ya taka. Idon sawu. Gwiwa. Ya waiwayo ya ɗaga wa jama'a hannu, kuma a nan ne laka ta zame da shi.

Abin da ya biyo baya, har yau in aka tuna a Kusada sai an ajiye abin da ke hannu. Soson da Ɗanmaliki ya tara a baya ya yi aikinsa tsakani da Allah: ya ɗaga mazaunan Ɗalha sama, cak, kamar an kifa ƙwarya a ruwa. Gaba kuwa, da babu soso sai ƙuli-ƙuli da dabino, ya nufi ƙasa. Maɓallin ado ya tsinke. Kafaɗun riga suka haura suka rufe masa kai. Ƙafafu na harbin iska, hannuwa na dukan ruwa, hula ta kama hanyarta ita kaɗai.

Kai ya ɓullo ta hammatar riga. "Wayyo! Jama'a! La'ilaha..." Ya koma. Tozo ya juya a hankali ya fuskanci gabas.

"Wannan wane salo ne?" in ji Malam Shehu.

"Na Baga ne, Baba," in ji Haladu. "Shina gaida kihi."

Garin rogo ya sha ruwa ya kumbura, aljihu ya farke, gari ya bazu. Agwagi suka ji labari. Suka taho a jere, suka kewaye shi suna caccaka, wata ƙatuwa ta haye bisa tozon ta tsaya tana gyara fiffike.

"Ɗinkin baya dai bai saki ba," Ɗanmaliki ya gaya wa na kusa da shi. "Ku shaida."

Kai ya sake ɓullowa, da laka har gira. "Ku cece ni! Ban iya ba! Wallahi ban iya ba! Potiskum na tsaya!"

Haladu ya daina dariya ya fara tuɓe riga, amma an riga shi. Daga cikin masu wanki wata mata ta tattare hijabi ta shigo ruwa, tana tafiya a tsaye abinta, ba gaggawa. Kubura ce, ashe tun ɗazu tana nan tana jira. Ruwan bai wuce mata ƙugu ba. Ta kori agwagwa, ta kama wuyan falmaran daidai inda aikin ya fi yawa, ta ɗago.

"Baban Salma. Aje ƙahwarka ƙasa."

"Zan nutse!"

"Aje dai."

Ya ajiye. Ya miƙe. Ruwa ya tsaya masa a cinya.

Ɗalha ya dubi ruwa, ya dubi kasuwa guda da ke tsaye a kansa, jiƙaƙƙen gari na zuba daga ƙirjinsa. Ya gyara murya.

"To... Alhaji, ka dai ga yadda mutum ke yi in bai iya ba. Abin da na so in nuna muku ke nan."

Dariyar da ta tashi sai da ta kori tsuntsaye daga kan bishiya. Wata Bafillatana ta zauna daɓas, nono na zuba ba ta sani ba. Alhaji na share hawaye da hannun riga.

"Na gani, Malam Ɗalha, na gani sarai. Allah Shi saka. Gurbin nan kuwa bari in nemi wani. In mun dawo na aiko maka da kihi, ka ci a tudu."

Ɗalha ya juyo ga matarsa, ya yi ƙasa da murya, ya manta cewa ruwa na kai magana nesa. "Ke ce kika kai maganar gwajin ga gidan Alhaji ko? Kin ga abin da kika ja mani? Gari guda na yi mani dariya!"

Kubura ta kamo hular da ke wucewa, ta matse ta, ta kafa masa a ka.

"Ni ce. Gara Kusada ta yi dariya da in yi takaba. Mu je gida, ka sha kunu."